Alhakin Ran Mai Kula da Marar Lafiya

Da asuba, kafin likita ya fito daga gidansa, akwai wadda takan riga kowa shiga ɗakin marasa lafiya. Mai shara ce, riƙe da tsintsiya da bokiti. Idan lokacin hunturu ne, za ta tarar an rufe tagogi duka tun daren jiya saboda sanyi da ƙura, mutane da yawa sun kwana suna shaƙar numfashin juna, marasa lafiya a kan gado, 'yan jinya a kan tabarma a ƙasa. Za ta sunkuya ƙarƙashin kowane gado, ta ɗauke gwangwanin da aka tofa kaki a ciki, ta kwashe tsumman da aka share majina da shi. Ba wanda ya gaya mata ciwon da ke damun mai gado na uku, gama karanta katin marar lafiya ba aikinta ba ne. Bayan kwana huɗu ko biyar ita ma sai ta fara tari da zazzaɓi. Masu zuwa gaishe ta sukan ce, "Haka Allah ya so," waɗansu kuma su ce, "Aikin asibiti ya gaji haka."

Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce: idan ma'aikacin asibiti ya ɗauki cutar numfashi a bakin aikinsa, har wani lokaci ta kai shi kabari, a wuyan wa alhakin yake? Shin hadaya ce da ya miƙa da yardar ransa, wadda ba abin da ya rage wa sauran jama'a a cikinta sai yabo da addu'a? Ko kuwa akwai rabon laifin da ke kan waɗanda suka sa shi aikin, da waɗanda ya yi wa hidima? Tausayi kaɗai ba zai amsa wannan ba. Sai an fara sanin hanyoyin da cutar ke bi ta kama su, sa'an nan a ga ko hanyoyin nan na toshewa ne.

Maganar ba ƙarama ba ce. A ƙarshen shekarar 2002 wata cutar huhu mai suna SARS ta ɓulla a kudancin ƙasar Sin, a 2003 kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta mutum 8,096 da suka kamu, 774 daga cikinsu suka mutu. Cikin kowane mutum biyar da suka kamu, ɗaya ma'aikacin lafiya ne. Da annobar korona ta zo, hukumar ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 ma'aikatan lafiya da masu kula da marasa ƙarfi tsakanin 80,000 da 180,000 ne suka rasa rayukansu. An janye dokar ta-ɓaci a kan korona a watan Mayun 2023, amma mura mai tsanani da ƙyanda da sauran cututtukan da ke bin numfashi suna nan, kowace shekara suna shiga ƙofar asibiti.

Ƙwayoyin cututtukan nan suna fita daga bakin marar lafiya da hancinsa sa'ad da ya yi tari ko atishawa, har ma sa'ad da yake magana ko numfashi kawai. Manyan ɗigo sukan faɗi kusa da shi. Ƙanana kuwa, waɗanda ido ba ya gani, sukan yi ta yawo cikin iskar ɗaki kamar hayaƙin murhu. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama cikin iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma da ba su da kariya da suka zauna kusa da shi, tara na iya kamuwa. Saboda haka abu na farko da ke jawo wa ma'aikaci hatsari shi ne kusanci da daɗewa. Nas ɗin da ke juya marar lafiya, ta ba shi abinci, ta goge masa baki, fuskarta na dab da tasa sau da yawa a yini, ta fi mai leƙowa sau ɗaya da safe shiga hatsari.

Na biyu, akwai ayyukan da ke tada ƙwayoyin su cika iska, kamar zura bututun numfashi cikin maƙogwaron marar lafiya, da zuƙo majina daga ƙirjinsa, da danna masa ƙirji idan zuciya ta tsaya. A watan Maris na 2003 an kwantar da wani saurayi a asibitin Prince of Wales da ke Hong Kong, ana tsammanin ciwon huhu ne irin na kullum. Aka riƙa ba shi magani ta na'urar da ke mayar da magani tururi domin a shaƙa, a ɗakin da ke cike da mutane. Ashe SARS ce. Cikin 'yan makonni sama da mutum 100 suka kamu ta wannan asibiti, kusan rabinsu ma'aikata ne, kuma masu bincike sun ga cewa tururin nan na cikin abubuwan da suka taimaka wa cutar yaɗuwa. A nan abu na uku ya fito, watau marar lafiyar da ba a gane ciwonsa ba tukuna. Wanda aka san yana da cutar akan keɓe shi, a shiga wurinsa da shiri. Wanda ya zo da karayar ƙafa ko naƙuda, alhali ƙwayar na jikinsa, ba wanda ke tsoronsa. Mai korona yakan iya ba wani cutar kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar ciwo.

Na huɗu shi ne iskar ɗaki da cunkoso. A shekarar 2015 mutum ɗaya ya koma Koriya ta Kudu daga ƙasashen Larabawa da cutar MERS, ya zaga wuraren magani huɗu kafin a gane abin da ke damunsa. Daga wannan mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, kusan dukansu a cikin asibitoci suka ɗauka. Cikin dalilan da aka gano har da cunkoson ɗakin gaggawa, da ɗakuna masu gadaje da yawa, da al'adar 'yan'uwa su zauna jinya da zuwa dubiya. Mai karatu da ya taɓa jinya a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ya san wannan al'ada ba ta Koriya kaɗai ba ce. Amma akwai labari mai ƙarfafa zuciya. A wani bincike da aka buga a 2007, an auna iskar ɗakuna a asibitoci takwas na birnin Lima a ƙasar Peru. Aka ga buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana sauya iskar ɗaki wajen sau 28 a sa'a guda, fiye da ninki biyu na sau 12 da ake nema daga ɗakunan da ke da injin zuƙe iska. Tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi sun kai sau 40. Taga ba ta cin kuɗi, sai dai a tuna da ita.

Na biyar shi ne kayan kariya da sanin amfani da su: takunkumin da ya kama fuska sosai, da safar hannu, da abin kare ido, da ruwa da sabulu a kusa. Wanda aka ba takunkumi ɗaya ya yi mako da shi, ko wanda ba a koya masa yadda ake cire kayan ba tare da ya taɓa fuskarsa ba, kariyarsa rabi ce. Ga kuma gajiya. Mutumin da ya yi dare biyu a tsaye yakan manta wanke hannu, ya ja takunkuminsa ƙasa domin ya sha iska. Na shida kuwa, wanda mutane da yawa ba sa tunawa, shi ne abokan aiki da gida. Ma'aikaci yakan kiyaye kansa a gaban marar lafiya, sa'an nan ya shiga ƙaramin ɗakin hutawa ya cire takunkumi ya sha shayi da abokinsa wanda ya zo aiki da ɗan zazzaɓi.

Yanzu ga abin da ya fi taɓa lamiri. A watan Afrilun 2020 an gwada jinin ma'aikata fiye da 500 a asibitocin birnin Birmingham na Ingila, domin a ga su wane ne suka riga suka kamu da korona. Da an tambayi mutumin kan titi, da ya ce masu aiki a ɗakin masu tsananin ciwo ne za su fi yawa, tun da su ke zura bututu suna tsaye a kan waɗanda cutar ta fi ci. Ba haka aka samu ba. A cikinsu wajen kashi 15 cikin ɗari ne suka kamu, amma a cikin masu shara da goge-goge wajen kashi 34 ne. A asibitocin Oxford ma, inda aka gwada ma'aikata wajen 10,000 a shekarar, masu shara da masu tura gadon marasa lafiya su ne suka fi kowa kamuwa, masu ɗakin tsananin ciwo kuwa suna cikin waɗanda suka fi tsira. An ba na ɗakin tsananin ciwo kayan kariya mafi kyau, an horar da su, sun kuma san ciwon kowane mutumin da ke gabansu. Masu shara suna zagaya ɗakuna duka, yawancinsu kuma talakawa ne da ke kwana a gidaje masu cunkoso suna shiga motar haya. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An tafa wa likitoci, kuma sun cancanta, amma bugun ya fi sauka a kan wanda ba a san sunansa ba.

Idan hatsari yana raguwa inda aka yi tanadi, yana kuma ƙaruwa inda aka yi sakaci, to ba za a jingina shi duka ga ƙaddara ba. A Shari'ar Musa akwai wata 'yar doka da ta shafi gini. An umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da gajeriyar katanga, irin wadda magina ke kira rawani, domin kada wani ya faɗo jininsa ya zama a kan gidan. Mai gidan bai ture kowa ba. Wataƙila ma yana barci sa'ad da baƙon ya zame. Duk da haka dokar ta ɗora masa alhaki, gama ya san mutane za su hau, ya san ana faɗowa, ya kuma san abin da ke hana faɗuwar. Asibiti soro ne da ake aika mutane su hau kowace rana. Takunkumi da taga da ɗakin keɓewa da allurar rigakafi da hutun mai ciwo su ne katangarsa. Wanda ke da ikon gina ta ya ƙi, ba zai wanke hannunsa da cewa ma'aikacin da kansa ya zaɓi hawa ba.

Wannan bai soke wajibin ma'aikaci ba. Wanda ya koyi aikin jinya ya karɓi amana, yana da sanin da maƙwabcinsa ba shi da shi, kuma marar lafiyar da numfashi ke yanke masa ba shi da wani wurin zuwa. Ikkilisiya ta daɗe da sanin wannan. A annobar da ta auka wa daular Roma wajen shekara ta 250, an shaidi masu bi a Iskandariya da Kartaj da tsayawa wurin marasa lafiya sa'ad da waɗansu ke gudu, da yawa kuma suka mutu a kan haka. Amma tsayawa daban, ganganci daban. Sa'ad da annoba ta shiga garin Wittenberg a 1527, Martin Luther ya ƙi barin garin, ya kuma rubuta wasiƙa a kan ko ya halatta Kirista ya guje wa annoba. Ya ce wanda maƙwabcinsa ke bukatarsa ya tsaya, amma ya tsauta wa masu ƙin magani da masu shiga ko'ina ba dalili da sunan bangaskiya, ya lissafta wannan cikin gwada Allah. Mai bi ya san wanda ya kai Ubangiji kan tsororuwar Haikali ya ce masa ya diro, ya kuma san amsar da aka ba shi. Ma'aikacin da ya ce shi ba ya sa takunkumi domin Allah ne mai karewa, sai ya duba da kyau ko shawarar wa yake bi. Kuma ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, gama daga gadon mai mura zai wuce gadon jariri da na tsohuwa.

Misalin da ya haɗa tsayawa da hankali shi ne na Carlo Urbani, likita ɗan ƙasar Italiya da ke yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya aiki a Hanoi, babban birnin Biyetnam. A ƙarshen Fabrairun 2003 aka kira shi ya duba wani baƙo da ke kwance a Asibitin Faransawa na birnin. Ya gane cewa wannan sabuwar cuta ce mai saurin yaɗuwa, ya sanar da hukumarsa, ya ci gaba da zuwa asibitin sa'ad da ma'aikata ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya ga jinya kaɗai ba. Ya matsa a keɓe masu ciwon, a tsaurara matakan kariya, ya kuma shawo kan mahukuntan ƙasar su ɗauki mataki da wuri. Shi kansa ya kamu, ya rasu a Bankok ranar 29 ga Maris 2003 yana da shekara 46, ya bar mata da 'ya'ya uku. Bayan wata ɗaya aka bayyana Biyetnam a matsayin ƙasa ta farko da ta shawo kan SARS. Mutum 63 ne suka kamu a ƙasar, fiye da rabinsu ma'aikatan lafiya. Da ya tsaya ya mutu shiru, da an yi masa makoki kawai. Abin da ya ceci mutane shi ne katangar da ya nace sai an gina.

Wani zai ce, wannan magana ta masu kuɗi ce. Ƙaramin asibitin karkara da ke fama da albashi, ina zai samu takunkumi mai tsada ga kowa? Maganar tana da nauyi, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa shugaban asibiti laifin abin da ba ya hannunsa. Amma talauci yana rage abin da za a iya yi ne, ba ya ɗauke wajibin yin wanda ake iyawa. Ana iya sa mutum a bakin ƙofa ya ware masu tari su jira a rumfa a waje. Ana iya buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a ƙara wa marar lafiya bargo idan sanyi ne. Ana iya sa wa mai tarin kansa takunkumi ko ƙyalle, gama tare cuta daga bakin rijiyarta ya fi sauƙi. Ana iya duba ko kowane ma'aikaci ya yi allurar ƙyanda. Ana iya janye mai ciki, da mai ciwon sukari, da wanda shekaru suka ja, daga ɗakin masu cutar zuwa wani aiki, ba tare da an kira su matsorata ba. Kuma idan kayan kariya kaɗan ne, tambayar adalci ita ce yadda za a raba su: bisa ga girman muƙami, ko bisa ga wanda ya fi shaƙar iskar ɗakin? Asibitin da ke horar da likitoci da nas-nas ya bar mai shara da mai wanki da mai gadi a waje, ya nuna ran wa ya ɗauka da daraja.

Akwai kuma maganar zuwa aiki da ciwo. Sau da yawa akan yabi ma'aikacin da ya zo aiki yana rawar ɗari, a ce mai himma ne. A cutar numfashi wannan himma ɓarna ce. Amma kafin a zarge shi sai a tambayi dalilin zuwansa. Idan lebura ne da ake biya bisa ga ranakun da ya zo, zamansa a gida yana nufin tukunya ba za ta hau wuta ba. Wanda ya shirya albashi haka ya tilasta wa talaka zaɓi tsakanin abincin 'ya'yansa da lafiyar marasa lafiya. Ya kamata asibitin da ke ɗauke da sunan Almasihu ya riga kowa warware wannan, ko da na gwamnati bai yi ba.

Saura jama'a, gama su ma suna da hannu a gidan. Dubiya aikin ƙauna ne, Ubangiji kuma ya lissafta ta cikin ayyukan da za a tambaya a ranar ƙarshe. Amma mata goma sha biyu na zumunta da suka cika gefen gado ɗaya suna waƙa a ɗaki rufe, biyu daga cikinsu suna tari, sun kawo ta'aziyya sun kuma bar wa nas abin da za ta kai wa 'ya'yanta. Ana iya aika mutum biyu masu lafiya a madadin sauran, ragowar su yi addu'a a waje ko a gida, su aiko da abinci. Wanda ya kawo ɗansa da zazzaɓi da ƙuraje ya faɗa tun daga bakin ƙofa, kada ya ɓoye don gudun a keɓe su. Wanda mai gadi ya tsayar kada ya ɗauka raini ne. Kuma idan ma'aikacin asibiti ya kamu, kada unguwa ta guje shi da iyalinsa kamar masu laifi, kamar yadda aka yi wa waɗansu a ƙasashe da dama a 2020. A hidimar unguwar ya samo ciwon.

To, a wuyan wa alhakin yake? Akwai wani rabo na hatsari da ba mai iya kawarwa. Ko an yi duk abin da ya kamata, wata rana wani zai sunkuya a kan mai mutuwa ya ɗauki abin da zai kashe shi. Wannan ita ce hadaya ta gaskiya, kuma ta cancanci girmamawa. Amma rabon da ya fito daga tagar da aka bari a rufe, da takunkumin da aka kulle a ofis, da horon da aka hana ƙaramin ma'aikaci, da ciwon da mai shi ya ɓoye, ba ma'aikacin ne ya miƙa shi ba, ɗora masa aka yi. Kiran wannan hadaya hanya ce ta rufe bashi da yabo.

Ran Lahadi akan yi addu'a domin likitoci da ma'aikatan asibiti, kuma daidai ne a yi. Zai yi kyau a riƙa ambaton masu shara da masu wanki da masu ɗaukar gawa a cikin addu'ar. Zai fi kyau kuma idan dattijon da ke zaune a kwamitin asibitin ikkilisiya, da aka zo taro na gaba, ya tambaya ko matar nan mai shigowa da asuba an ba ta takunkumi, ko an gaya mata ɗakin da za ta yi hankali da shi, ko kuma za a biya ta ranar da tari ya kwantar da ita.